Shirin Zaune Ya Fi na Tsaye: Yadda Ake Ɗaukar Kayan Kamun Kifi

Kowane ƙarshen zango, kafin a sallami ɗalibai, mukan tsaya a wurin taron safe mu yi musu gargaɗi game da mota da babur da miyagun abokai. Amma akwai wani wuri da yawancin yaranmu maza ke zuwa lokacin hutu wanda ba mu cika ambata ba, wato bakin ruwa. Duk wanda ya bi hanyar Mairuwa da sassafe a lokacin hutu zai gamu da su biyu-biyu, uku-uku, kowa da sanda a kafaɗa da gwangwanin tana a hannu. Wasu don nishaɗi suke zuwa, wasu don miyar gida, wasu kuwa don su haɗa kuɗin sabulu da littafin rubutu kafin a komo makaranta.

Ba ni da niyyar hana kowa. Kamun kifi sana'a ce mai daraja, tana kuma koya wa yaro haƙuri. Abin da nake so in yi bayani a kai shi ne wani ɓangare na wannan sana'a da ba a cika koyarwa ba, wato yadda mutum ke ɗaukar kayan aikinsa daga gida zuwa ruwa, da yadda yake rataye su a jikinsa sa'ad da yake cikin aiki. Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaramar magana ce. To, sau da yawa a kan wannan ƙaramar magana ne ake rasa kifi, ake jin rauni, wani lokaci har a rasa rai.

Ruwa ya zo ya same mu

Ƙasarmu ƙasar noma ce. An san Funtua da Malumfashi da Bakori da Ƙafur da auduga da masara da dawa. Kakanninmu ba Sarkawa ba ne. Iyakarsu idan ruwa ya ja baya da rani su shiga fadama ko kududdufi su kama tarwaɗa, ko su tono gaiwa daga cikin busasshen taɓo. Madatsun ruwa ne suka canja al'amarin. Aka gina ta Mairuwa a kan hanyar Gusau don ba garin Funtua ruwan sha, aka yi ta Malumfashi, daga baya aka yi ta Gwaigwaye. Can arewa da mu kuma akwai babbar madatsar Zobe kusa da Dutsin-ma, wadda aka kammala a 1983. Ga kuma ƙananan madatsu na ƙauyuka. Ruwa mai zurfi ya zo ya zauna a ƙofar gidajenmu rani da damina, amma ilimin zama da ruwa bai zo tare da shi ba.

Ɗan manomi ya san yadda ake saɓa garma don kada bakinta ya taɓa wanda ke bayansa. Ya san ba a sa lauje cikin buhu ɗaya da ƙullin abinci. Tun yana ƙarami ya ga mahaifinsa yana yi. Amma wa ya nuna masa inda ake ajiye ƙugiya?

Ni kaina babu wanda ya nuna mini sai da na sha wuya. Ina aji biyu na sakandare, wata ranar Asabar na bi kawuna zuwa ruwa. Na sayi ƙugiyoyi goma a kasuwa, mai kaya ya ƙulle mini su cikin 'yar takarda, na cusa a aljihun gajeren wandona. Da muka shiga ruwa takardar ta jiƙe ta narke, ban sani ba. Garin hawa gaɓa santsi ya kwashe ni, na faɗi a kan cinyata. Ƙugiya biyu suka shige cikin nama har bayan haƙorinsu, suka ɗinke wandon da fatata. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, aljihu na kuɗi ne da gyaɗa. Abin da ke da haƙori ba a kwana da shi a ɗaki ɗaya." Ya goya ni a keke zuwa ɗakin shan magani, aka tsaga aka cire. Ranar ko ƙaramar karfasa ba mu kai gida ba, tabon kuwa yana nan har yau.

Abin da masuntan gado suka sani

Bari mu fara duba waɗanda suka gaji ruwa. Kogin Sakkwato, wanda mafarinsa ke nan kusa da Funtua, yakan bi ta Gusau, ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan ya gangara ta Argungu. A can ne ake bikin kamun kifin nan da ya yi suna tun daga 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Duk wanda ya ga hoton wannan biki ya ga masunta suna rugawa cikin ruwan Matan Fada, kowa da abu biyu kawai: koma, wadda mutanen can ke kira homa, da ƙaton gora mai baki a sama.

A lura da hikimar da ke cikin wannan gora. Shi ne jirgin masunci, domin a kansa yake kifa ciki ya yi iyo zuwa wuri mai zurfi. Shi ne wurin hutawarsa idan ya gaji. Shi ne kuma rumbunsa, domin duk kifin da ya kama ta bakin goran yake jefa shi. Abu ɗaya yana aiki uku, ba ya nutsewa, ba ya tsatsa, hannuwan mutum biyu kuma suna sake don riƙe koma. Ba za ka ga masunci ya shiga ruwa da babbar riga ko da jaka a wuya ba.

Mai birgi, wato ragar da ake wurgawa ta buɗe kamar faifai, shi ma yana da tsarinsa. Birgi yana da nauyi saboda dalmar da ke kewaye da bakinsa, idan ya jiƙe kuma nauyin ya ƙaru. Don haka ba a jan sa a ƙasa inda ƙaya da kututture za su yage shi. Akan tattara shi tun daga wuya, a naɗe, a sa cikin bokiti ko buhu. Igiyarsa kuwa akan zura ta a wuyan hannu, amma gwani ba ya yi mata ƙullin da ba zai iya zarewa nan take ba. Idan ragar ta sarƙe da itace a ƙarƙashin ruwa, gara a rasa raga da a rasa mai raga.

Sai mai mamari, wato doguwar igiyar nan mai ɗauke da ƙugiyoyi masu yawa a jere. Idan aka dunƙule ta haka kawai aka jefa a buhu, yini guda ba ya isa a warware ta, kuma sai hannu ya sha jini. Abin da masunta ke yi shi ne su naɗe igiyar cikin ƙwarya ko roba, suna maƙala kowace ƙugiya a bakin mazubin ɗaya bayan ɗaya. Idan an je ruwa, wadda aka maƙala ƙarshe ita ce za ta fara fita. Aikin da aka yi a zaune a tsakar gida shi ne ke sa na cikin jirgi ya tafi daidai. Hausawa dai sun ce shirin zaune ya fi na tsaye.

Masu fatsa da ƙudan ƙarya

Yanzu bari mu leƙa wata duniya. A ƙasashe masu sanyi irin su Ingila da Sikotland da Amurka da Niyu Zilan akwai wani salon fatsa da ba a yi da tana ko gara. Kifayensu na rafin duwatsu, musamman wanda suke kira tirawut, ƙwarin da ke sauka a kan ruwa suke ci. Don haka sai mutum ya ɗauki ƙugiya ya naɗa mata zare da gashin tsuntsu da gashin dabba, har ta yi kama da ƙwaro. Wannan shi ne ƙudan ƙarya. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu wani marubucin Roma mai suna Eliyan ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su haɗa da gashin zakara biyu, su kama kifi. A Ingila kuma an buga littafi a 1496 mai bayanin yadda ake ɗaura irin waɗannan ƙudaje har goma sha biyu bisa ga watannin shekara.

Da yake ƙudan ƙarya ba shi da nauyi, zaren ne ake yi wa nauyi. Mutum yakan yi ta kaɗa sanda mai tsawon kamar ƙafa tara gaba da baya, kamar mai kaɗa bulala, har zaren ya miƙe ya kai ƙudan inda ake so. Hannu ɗaya yana riƙe da sanda, ɗayan yana jan zare. Mutumin kuwa yana tsaye cikin ruwa mai gudu, wani lokaci har ƙugu, yana kuma tafiya daga wannan gurbi zuwa wancan. Ba shi da wurin ajiye komai. Ga shi kuma yana bukatar canja ƙuda sau da yawa a yini, domin ƙwaron da kifi ke ci da safe ba lallai shi ne na yamma ba. Ke nan dole jikinsa ya zama shagonsa.

Da can kwandon saƙa suke ratayawa a kafaɗa don kifi, su soka ƙudajen a jikin hula. Wajen 1930 wani Ba'amurke mai suna Lee Wulff ya ɗinka wa kansa falmaran mai aljihu da yawa, daga nan wannan riga ta bazu har ta zama alamar masu wannan fatsa. An yi ta gajera da gangan, don kada aljihunan su taɓa ruwa idan mutum ya shiga wuri mai zurfi. A yau wasu sun fi son 'yar jakar ƙirji, ko ta ƙugu, ko wadda ake ratayawa a baya a juyo da ita gaba idan ana bukata. Ko wacce aka ɗauka, tsarin ɗaya ne. Battar ƙudaje mai soso a ciki tana aljihun gaba, kowane ƙuda a soke a gurbinsa. Abin yanke zare, wanda ya yi kama da abin yanke farce, da hantsakin cire ƙugiya daga bakin kifi, suna rataye a ƙirji da 'yar igiya, don ko sun suɓuce ba za su faɗa ruwa ba. 'Yar komar kwashe kifi tana rataye a bayan wuya inda ba za ta sarƙe da zare ba. Abinci da rigar ruwan sama suna babban aljihun baya, domin ba kowane lokaci ake neman su ba. Akwai tabarau mai kare ido daga ƙugiyar da iska ta kaɗo, yana kuma rage ƙyallin ruwa. Waɗanda ke sa dogon wandon roba mai haɗe da takalmi sukan ɗaure shi tamau da ɗamara a ƙugu, don kada ruwa ya cika shi idan mutum ya faɗi.

Kada wani ya ce wannan sai Turawa. Je ka zauna kusa da wanzami ka ga zabirarsa. Aska tana gidanta, ƙaho yana nasa, dutsen wāshi yana nasa. Wanzami yana hira da kai, idonsa na kanka, hannunsa ya shiga zabira ya fito da abin da yake so ba tare da ya duba ba. Falmaran ɗin Ba'amurke zabira ce da aka sa wa hannu. Su ma can suna da irin cutarmu ta son tara kaya: aljihu ashirin yakan sa mutum ya cika ashirin ɗin, ya yini yana ciwon kafaɗa yana laluben abin da bai san inda ya sa ba. Shi ya sa tsofaffin cikinsu ke ba sabon shiga shawara ya zazzage rigarsa a ƙarshen kowace shekara, ya fitar da duk abin da bai taɓa amfani da shi ba.

Ƙa'idodi biyar

Idan muka haɗa abin da muka gani a Argungu da na rafukan Turai, za mu sami ƙa'idodi biyar da suka shafi kowane mai zuwa ruwa.

Ta ɗaya, hannuwa su zama a sake. Gaɓar madatsa tana da santsi, duwatsun da aka jera a jikin bangon madatsa kuma suna motsi. Wanda ya riƙe sanda a dama, gwangwani da leda a hagu, idan ya zame da fuska zai sauka. Duk abin da za a iya ratayawa a rataye shi.

Ta biyu, kowane abu da gurbinsa, kuma kada gurbin ya riƙa canjawa. Lokacin da kifi ya fi ci shi ne da asuba da kuma gab da faɗuwar rana, lokacin da haske ya yi ƙaranci. Hannunka ne zai nemo maka kaya, ba idonka ba.

Ta uku, duk abu mai kaifi ko mai tsini ya kasance a rufe. Wuƙa cikin kube, ƙugiya cikin batta.

Ta huɗu, abin da kake yawan bukata ya zauna kusa, abin da ba ka cika bukata ba ya zauna nesa ko a kan tudu.

Ta biyar, kada ka ɗaura wa jikinka abin da ba za ka iya yarwa cikin ƙiftawar ido ba. Jakar da aka rataya ta kan wuya ta giciye ƙirji, cike da dalma da jiƙaƙƙen kifi, dutse ce idan mutum ya faɗa rami. Idan za ka shiga ruwa ka rataye ta a kafaɗa ɗaya, ko ka bar ta a gaɓa.

Jakar ɗalibi

Ba sai an kashe kuɗi ba kafin a bi waɗannan ƙa'idodi. Tsohuwar jakar makaranta ta isa, ko wadda tela zai ɗinka daga buhu mai tsabta, ya yi mata aljihu biyu a waje. Amma kada a yi amfani da buhu ko galan da aka taɓa zuba maganin feshi a ciki, ko an wanke shi.

Don ƙugiyoyi, a nemi ƙaramar roba mai murfi, a yanko guntun tsohon silifa a sa ciki, a soke ƙugiyoyin a jere, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Totuwar kara ma tana yin wannan aiki, ita ce kuma ke zama abin da ke yawo a kan ruwa ya nuna maka kifi ya ci. Zaren fatsa a naɗe shi a guntun katako mai tsaga a baki, a ɗaura wa zare biyu ko uku ƙugiya tun daga gida. Idan ɗaya ya tsinke sai ka ɗauko wani, ba sai ka tsaya ƙulli da jiƙaƙƙen hannu kifi yana wucewa ba. A kan hanya, ƙugiyar da ke jikin sanda a soke ta a gindin sandar, kada a bar ta tana lilo. Idan kuna tafiya a jere, kan sanda ya dubi sama ko baya inda babu kowa, ba idon abokinka ba. Mai keke ya ɗaure sandar a tsawon keken, kada ya giciya ta.

Tana tana son danshi da inuwa. A zuba mata ƙasa mai laima cikin gwangwani, a huda murfin, a yi masa marataya da waya, a daddanne bakin gwangwanin don kada ya yanki yatsa. Gara da fara kuwa a sa su cikin wani mazubi dabam.

A ɗauki ƙaramar filaya da tsumma. Ƙurungu yana da ƙayoyi uku masu ƙarfi, ɗaya a baya, biyu a gefe, yakan kuma kafe su idan an kama shi. Tarwaɗa ma tana da ƙaya a fiffiken gefe, ga santsi. Da tsumma ake riƙe su, da filaya ake zare ƙugiya. Da filayar kuma ake matse dalma a jikin zare. Na sha ganin yara suna matse ta da haƙori. Dalma guba ce, ita ce ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Kada a sa ta a baki, kada a ajiye ta tare da abinci, a kuma wanke hannu kafin a ci wani abu.

Ruwan sha a ɗauko shi daga gida. A sa malafa saboda rana. Mai wayar hannu ya ƙulle ta cikin leda biyu. Kifin da aka kama kuwa, a zafin ƙasarmu ba ya daɗewa bai lalace ba. A sa shi cikin jiƙaƙƙen buhu a inuwa, ko cikin bokiti mai ruwa idan yana da rai. Kada a ƙulle shi cikin baƙar leda a bar shi a rana, kada kuma a zura shi a igiya a ɗaura a ƙugu a ci gaba da shiga ruwa.

Kayan da ke tsare rai

Akwai kayan da ba sa kama kifi ko ɗaya, amma sun fi sauran muhimmanci. Na farko shi ne abin da zai riƙe mutum a saman ruwa. Wanda zai shiga kwalekwale ya nemi rigar ceto, ya kuma sa ta a jiki, ba ya zauna a kanta ba. Waɗanda ke gaɓa su ajiye jarka marar komai mai murfi a ɗaure, da igiya doguwa a hannunta. Ita ce goran zamaninmu. Idan wani ya zurma, jarkar za a jefa masa a jawo shi. Sau da yawa wanda ya yi tsalle don ceton abokinsa, tare ake fito da su. A tuna kuma cewa ƙasan madatsa ba kamar na kududdufi ba ne: tsohon kwarin rafin da aka tare yana nan a ƙarƙashi, mutum yana tafiya ruwa iya gwiwa sai kawai ya ji babu ƙasa. Doguwar sandar dogarawa ita ce idon ƙafa a cikin ruwa.

Na biyu shi ne dogon takalmin roba. Tsakanin shekarun 1970, likitoci daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila sun yi dogon bincike a yankin Malumfashi. Cikin abubuwan da suka duba har da tsargiya da saran maciji, suka kuma tarar tsargiya ta fi kama yara maza, su da ke yawan shiga ruwa. Ƙwayar wannan cuta tana girma ne a jikin ƙananan dodon koɗi da ke zaune cikin ciyawar bakin ruwa, ta fito ta huda fatar mutum ta shiga jini. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗi, cuta ce, tana kuma da magani a asibiti. Wanda ya tsaya a kan tudu da takalminsa ya rage wannan hatsari, ya kuma kare ƙafarsa daga kwalba da ƙaya da macijin da ke kwance cikin ciyawa. Sai dai takalmin roba na gaɓa ne da ruwa marar zurfi. Ba a shiga jirgi ko wuri mai zurfi da shi.

Na uku, ɗan ƙullin sabulu da bandeji da filasta. Idan ƙugiya ta shiga har bayan haƙorinta, kada a fizge. A yanke zaren, a rufe wurin, a tafi asibiti, a kuma tambayi allurar rigakafin tetanus. Idan kusa da ido ne, kada ma a taɓa. Masu ƙudan ƙarya da yawa sukan danne haƙorin ƙugiya da filaya tun kafin su fara, don ta fita da sauƙi daga bakin kifi ko daga fatar mutum. Yaro mai koyo zai amfana da wannan dabara.

Na ƙarshe ba ya shiga jaka, wato aboki. Kada kowa ya je ruwa shi kaɗai. A gaya wa iyaye inda za a je da lokacin dawowa, a nemi izinin Sarkin Ruwa ko masu kula da wurin, a kuma saurari manya game da lafiyar hanya kafin a fita. Idan hadari ya taso ana walƙiya, a ajiye sanda a bar bakin ruwa.

Abin da ba a ɗauka

Akwai kuma kayan da bai kamata su shiga jakar kowa ba. Maganin ƙwari irin su Gamalin, wanda wasu ke zubawa don kifi ya taso, yana kashe babba da ƙarami, yana kuma komawa cikin tulun mutanen da ke shan ruwan. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana ragar da idonta ya yi ƙanƙanta. Gidan sauro an raba shi ne don kare yara daga zazzaɓi. Wanda ya mai da shi taru ya yi ɓarna biyu: ya bar ƙannensa ga sauro, ya kuma kwashe 'ya'yan kifin da za a ci baɗi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Haka nan, abin da ka kai ruwa ka dawo da shi. Guntun zaren roba da aka yar yakan daɗe bai ruɓe ba, yana sarƙe ƙafar tsuntsaye, ƙugiyar da aka bari a gaɓa kuma tana jiran ƙafar yaro mai kiwo ko mace mai wanki.

Bayan an dawo gida

Aiki bai ƙare ba sai an shirya kayan gobe. A wanke raga, a cire ciyawa da dodon koɗin da suka maƙale, a shanya ta ta bushe sarai kafin a kai ta wani ruwa, don kada a yi dakon ƙwayar wata madatsa zuwa wata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a 2008 ƙasar Niyu Zilan ta hana masu fatsa sa wani irin takalmi mai tafin ulu, saboda yana riƙe danshi yana kwasar wata muguwar gansakuka daga rafi zuwa rafi. A busar da ƙugiyoyi kafin a rufe batta don kada su yi tsatsa. A duba zare, a yanke inda ya ci. A rataye jakar sama inda ƙananan yara ba za su kai ba. Mu tuna cewa a Bisharar Markus, lokacin da aka kira 'ya'yan Zabadi, ba a tsakiyar kamu aka same su ba, a wurin gyaran raga ne. Gyaran kaya rabin sana'ar masunci ne tun fil'azal.

Ya ku ɗalibai, wannan hutun kafin ku ɗauki sanda ku shimfiɗa buhu a tsakar gida, ku zube kayanku duka a kai. Ku ɗauki kowane abu ku tambayi kanku: mene ne aikinsa, ina ne gurbinsa, idan na faɗi zai cuce ni? Wanda bai amsa ba ku bar shi a gida. Iyaye kuma, don Allah ku leƙa cikin jakar yaranku, ku laluba aljihunsu kafin su fita. Muna so idan an komo makaranta mu ji labarin ƙaton tarwaɗar da ta suɓuce, daga bakin mai labarin da kansa. Allah ya ba mu hutu lafiya, ya kuma dawo da mu lafiya.